Daga ƙurar hunturu zuwa tafkin Nokoué: halittar da ake gane danginta da zanen fuska

Duk wanda ya taɓa buɗe shago a Zongon Kwatano da safiyar watan Janairu ya san aikin da ake farawa da shi: ɗaukar tsumma. Wata ƙura fara-fara, mai laushi kamar garin alabo, ta kwana a kan atamfa, a kan gilashin wayoyi, har kan sirdin ɗan zem da ya ajiye babur ɗinsa a ƙofar gida. Ka goge da safe, kafin la'asar ta dawo. Mun san sunanta ƙurar hunturu, mun kuma san daga arewa iska ke kawo ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin irin wannan ƙurar akwai ɓaraguzan gidajen wata ƙaramar halitta ta ruwa, wadda ta mutu shekaru dubbai da suka wuce a wani tafki da yanzu ya zama hamada.

Danginta kuma na nan da ransu kusa da mu. Ka je bakin ruwa ta wajen Dantokpa, ka duba ƙafar gada ko gefen kwale-kwalen da ya daɗe a ɗaure, za ka ga wani yauƙi mai launin ƙasa-ƙasa ya manne, mai santsi a hannu. Galibin wannan yauƙin su ne. Masana na kiran su diyatom.

Kowace shekara masu bincike na sanar da gano sababbin nau'o'insu a wurare daban-daban na duniya. To ta yaya ake gane cewa abin da ido ma ba ya gani sabo ne? Kuma me wannan ya shafi mai sayen kifi a Kwatano da shi?

Kwano da murfinsa

Diyatom dangin gansakuka ce, amma ƙwayar halitta ɗaya tak ce gaba ɗayan jikinta. Tana rayuwa kamar tsiro: hasken rana, ruwa da iska su ne abincinta. Ana auna girmanta da maikiromita, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki kashi ɗaya. Yawancinsu suna tsakanin maikiromita 2 zuwa 200. Kaurin silin gashin kan mutum bai wuce kusan 70 ba, ka ga ke nan akwai waɗanda za a jera goma a faɗin gashi ɗaya, wuri bai cika ba.

Abin da ya raba ta da sauran gansakuka shi ne gidanta. Tana tsotso sinadarin silika daga ruwa, sinadarin da ke cikin yashi kuma da shi ake yin gilashi, ta gina wa kanta ɓawo mai ɓari biyu. Ɓari ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi, yana rufe shi daidai, kamar kwanon tuwo da murfinsa. Idan ta mutu, naman jikin ya ruɓe, kwanon gilashin kuwa ya nutse ƙasan ruwa ya zauna. Zai iya yin shekara dubbai bai lalace ba.

Haihuwarta ma abin kallo ce. Tana rabewa biyu ne, kowace 'ya ta ɗauki ɓari ɗaya na tsohon gida ta mai da shi murfi, sannan ta ƙera sabon kwano a ƙarƙashinsa. Wadda ta gaji murfi za ta fito daidai girman uwarta, wadda ta gaji kwano kuwa za ta ɗan fi ƙanƙanta. Haka zuri'a ke ta raguwa, har sai ta kai wani mataki da za ta fasa gidan, ta kumbura, ta sake gina babba. Wannan batu yana da muhimmanci wajen gane nau'i, za mu dawo kansa.

Ƙanƙantarsu ba ta hana su ɗaukar babban kaya ba. Ƙiyasin masana ya nuna kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da tsirran duniya ke samarwa a shekara daga diyatom yake fitowa. Su ne kuma farkon abinci a ruwa: ƙananan ƙwarin ruwa su ci su, jatan lande da 'ya'yan kifi su ci ƙwarin, babban kifi ya ci ƙarami, mu kuma mu saye shi a kasuwa. Karfasa ma da kanta takan kankare su daga jikin itace da duwatsu. A 2013 wasu masana biyu, David Mann da Pieter Vanormelingen, sun ƙiyasta cewa nau'o'in diyatom ba su gaza 30,000 ba, kuma mai yiwuwa su kai 100,000. Waɗanda aka raɗa wa suna ba su kai ko kusa da wannan babban adadin ba.

Tafkin da ya koma ƙura

Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, tafkin Chadi ba wannan ɗan ragowar da muka sani ba ne. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, wato ƙasar Benin sau uku. Wuri mafi zurfi a cikinsa shi ne kwarin Bodele, a arewacin Chadi ta yau. Diyatom sun rayu a wannan ruwa mai daɗi, suna mutuwa suna taruwa a ƙasa, shekara bisa shekara. Da damina ta ja baya tafkin ya ƙafe, sai ya bar wata farar ƙasa mara nauyi, mai kama da alli. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa ruwan ƙarshe a Bodele ya ƙafe ne kusan shekara dubu da suka wuce, jiya-jiya ke nan a lissafin ƙasa.

Bodele na kwance ne a bakin wata mashiga tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Iskar arewa maso gabas idan ta matso ta wannan mashiga sai ta ƙara ƙarfi, ta daki farar ƙasar, ta niƙe ta, ta yi sama da ita. Ana samun guguwar ƙura a wurin kusan kwana 100 a shekara, shi ya sa masana ke kiran sa wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. A lokacin sanyi ƙurar na bi ta kan Borno, Damagaram, Kano, ta gangaro har gaɓar teku. Ba duk ƙurar hunturu ce daga Bodele ba, akwai ta sauran sassan Sahara da ta gonaki da hanyoyi, amma kason Bodele babba ne. Masu haƙo laka daga ƙarƙashin tekun Atlantika, can nesa da gaɓa, sun sha tarar da ɓawon diyatom ɗin ruwan daɗi a ciki. Iska ce ta kai su.

Labarin ya daɗe. A watan Janairun 1832 jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle ya iso tsibiran Cape Verde, ɗauke da wani matashi, Charles Darwin. Ya lura da wata ƙura mai laushi da ke sauka a kan jirgi a tsakiyar teku, ya tara ta. Daga baya ya aika ƙunshi biyar, nasa da na wasu matuƙa, zuwa ga wani masani a Berlin, Christian Gottfried Ehrenberg. Da Ehrenberg ya duba da madubinsa na ƙara girma, sai ya ƙirga siffofin halittu 67, galibinsu na ruwan daɗi. Darwin ya wallafa bayanin a 1846. Sama da shekara ɗari bayan haka, wani mai bincike, Grant McTainsh, ya yi ta auna ƙurar hunturu da ke sauka a arewacin Najeriya, musamman yankin Kano, ya wallafa sakamakonsa a mujallar Nature a 1980.

Diyatom ɗin da ta fi yawa a farar ƙasar Bodele 'yar dangin Aulacoseira ce. A madubi tana kama da ƙananan gwangwanaye da aka jera baki da baki, suka yi sarƙa, jikinsu cike da huda-huda a layi, da ƙayoyi a baki masu sarƙe juna. Ehrenberg ne ya fara siffanta fitacciyar cikinsu a 1843, ya sa ta a wani dangi daban. Sai a 1979 wani Bajamushe, Reimer Simonsen, ya mai da ita inda take yau, da sunan Aulacoseira granulata. Shekara 136 ke nan tsakanin ganin farko da samun gurbin da ya dace. Aikin ba na gaggawa ba ne.

Yadda ake tantance baƙuwa

Mutanen Zongo sun san wannan aiki ta wata fuskar. A da, idan fatake suka sauka, mai masauki ba ya buƙatar takarda kafin ya san daga ina baƙo ya fito. Zanen fuska ya isa: wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan kuma Babarbare. Yawan tsagar, tsawonta, inda ta fara da inda ta tsaya, duk magana suke yi. Masanin diyatom ma fuska yake karantawa.

Aikin na farawa ne da kayan da ba su da tsada. Buroshin goge haƙori, da shi ake kankare yauƙin dutse ko na itace a zuba a kwalba. Waɗanda ke yawo a tsakiyar ruwa kuma ana tace su da wata koma mai ƙananan idanu. A rubuta wuri da rana, a auna gishirin ruwan, zafinsa da tsaminsa, don nau'i ba ya cika sai da bayanin inda yake zaune.

A ɗakin gwaji sai a dafa samfurin a cikin sinadari mai cin nama, a wanke, a sake wankewa, har ya rage ɓawon gilashi zalla. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan wani siririn gilashi, ya bushe, a manne shi da wani irin ƙaro na musamman mai fito da zane sarai. Daga nan sai madubi, a ninka girma sau 1,000, da ɗigon mai tsakanin idon madubin da gilashin.

Tambayar farko: zagaye take kamar faifai, ko doguwa ce kamar kwale-kwale? Wannan ne babban rabon gida biyu a duniyar diyatom. Idan doguwa ce, tana da tsaga a tsakiya ko babu? Wannan tsagar, wadda masana ke kira rafe, ta nan halittar ke fitar da yauƙin da take jan ciki da shi a kan dutse. Wasu tsagarsu a tsakiya take, wasu a gefe, wasu a ɓari ɗaya kawai suke da ita, wasu babu sam. A duba bakin tsagar: ya miƙe ne, ya lanƙwasa kamar ƙugiya, ko duka bakunan biyu sun karkata gefe ɗaya?

Sai awo: tsawo da faɗi. Sai kuma ƙirgar da ta fi kowacce cin ido, wato layukan da suka taso daga tsakiya zuwa gefe kamar haƙoran mataji. Ƙa'idar ita ce a ƙirga guda nawa ne a cikin maikiromita 10. Diyatom biyu za su iya yin kama kamar an tsaga kara, amma ɗaya layukanta sun fi na ɗayar cunkushewa, kuma wannan bambanci ya tabbata a duk zuri'ar. A duba ko layukan a miƙe suke ko sun bazu kamar hasken rana, ko akwai fili a tsakiya, ko akwai wani ɗigo shi kaɗai a gefe guda.

A nan ne batun raguwar zuri'a ke shigowa. Tunda uwa da jikanyar jikanyarta ba girmansu ɗaya ba, har siffar kan ɗan sauya idan jiki ya ƙanƙance, wanda ya auna ƙwaya biyu ko uku kawai zai iya ɗaukar kaka da jika a matsayin nau'i biyu. An sha yin wannan kuskure a baya. Shi ya sa ake auna gommai, a jera hotunansu daga babba zuwa ƙarama, a ga dangin gaba ɗaya.

Madubin haske yana da iyaka: abin da bai kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na maikiromita ba, ba zai rarrabe shi ba. Daga nan sai madubin lantarki, wanda ke ninka girma sau dubbai masu yawa. Da shi ake ganin cewa abin da ya yi kama da layi ashe jerin ramuka ne, kowane rami da irin murfinsa, wani kamar rariya, wani kamar tsaga. Da shi ake kifa kwanon a leƙa cikinsa. Tun da wannan na'ura ta shigo aikin a wajejen shekarun 1960 zuwa 1970, dangogi da yawa da ake yi wa kallon gida ɗaya aka raba su. Yanzu kuma an ƙara da gwajin ƙwayar gado, a kwatanta ta da ta makusanta.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi wahala: tabbatar da cewa babu wanda ya riga ka. Dole a bi tsofaffin littattafai na Jamusanci, Faransanci da Latin, a kuma kwatanta da ainihin samfuran da magabata suka ajiye. Na Ehrenberg suna gidan tarihin halittu na Berlin. Na Friedrich Hustedt, wanda ya siffanta nau'o'i masu ɗimbin yawa, sun daɗe ajiye a Bremerhaven a Jamus. Wasu suna Landan, wasu a lambun tsirrai na Meise a Beljiyam.

Ranar suna

Idan ta tabbata baƙuwa ce, sai suna. Shi ma da ƙa'idarsa, wadda masana tsirrai na duniya suka yarda da ita. Sunan kashi biyu ne, na dangi da na nau'i, tsarin da ya samo asali daga Carl Linnaeus a 1753. Dole a rubuta cikakken bayanin siffa, a haɗa da hoto ko zane, a wallafa inda kowa zai iya samu. A da sai da harshen Latin; daga 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Latin ko Turancin Ingilishi, aka kuma yarda da wallafawa ta intanet. Sannan dole a ware samfuri guda a ce wannan shi ne asali, a ajiye shi a wata ma'ajiya sananniya. Duk wanda ya yi gardama gobe, can zai je ya duba.

Ga misali daga nahiyarmu. A kan iyakar Kenya da Tanzaniya, a gindin dutsen Kilimanjaro, akwai wani tafki mai zurfi a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, sunansa Challa. Masu bincike sun daɗe suna ganin wata diyatom da yawa a ruwansa da cikin lakarsa, suna rubuta ta da sunan dangi kawai, babu na nau'i. A 2016 Christine Cocquyt ta lambun Meise da abokiyar aikinta Els Ryken suka zauna suka auna ta, suka duba ta da madubin haske da na lantarki, suka kwatanta ta da 'yan uwanta na sauran tafkunan gabashin Afirka, suka tabbatar ba ɗaya ba ce da kowace. Suka raɗa mata Afrocymbella barkeri, don girmama Philip Barker, masanin Ingila da ya daɗe yana aiki kan tafkunan yankin. Dangin Afrocymbella kansa sai a 2003 aka ware shi: 'ya'yansa gefe ɗaya ya fi ɗaya doro, kai ɗaya kuma ya ɗan bambanta da ɗayan.

Darasin da ke ciki a fili yake. Halittar ba ɓoye take ba, tana cikin waɗanda suka fi yawa a tafkin. Mai zama ya ƙirga layukanta ne ba a samu ba sai lokacin.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, to Malam, duk wannan wahala a kan abin da ba a ci ba a sayarwa? Amsar tana bayan gidanmu.

Tafkin Nokoué, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 150, shi ne tukunyar da Kwatano, Abomey-Calavi da Ganvié ke ci daga ciki. Kogin Ouémé da na Sô suna zuba masa ruwan daɗi daga arewa. Daga kudu kuma, tun da Faransawa suka haƙa mashigar Kwatano a 1885, ruwan teku ke shigowa. Saboda haka tafkin na sauya hali sau biyu a shekara: idan Ouémé ya kawo ambaliya wajejen Satumba da Oktoba ruwan ya yi daɗi, ciyawar nan mai kama da kainuwa ta rufe hanyoyin kwale-kwale, da rani kuma gishiri ya dawo ya kashe ta. Masunta na kafa akaja, wato rassan itace da ake cusawa a ruwa don tara kifi. Sirrin akaja bai wuce wannan ba: kifi na samun maɓoya, ga kuma yauƙin da ke tsirowa a jikin rassan, wanda diyatom ke da babban kaso a ciki. A shekarar 2000 aka sa tafkin da kwarin Ouémé cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Amma duk mun san abin da ke gangarawa cikin ruwan: kwatamin unguwanni, sharar kasuwa, leda, bahaya, da takin gonaki daga sama. Wanda ya ɗebi ruwa a kwalba ya kai gwaji, abin da ke cikin ruwan a wannan sa'ar kawai zai gani. Idan an zubar da ƙazanta da dare, kafin safe ta wuce. Diyatom kuwa a wurin ta kwana, a wurin ta tashi. Kowane nau'i da irin ruwan da yake jurewa. Akwai masu son ruwa mai tsafta mara taki, kamar yawancin dangin Eunotia. Akwai waɗanda ƙazanta ba ta dame su ba, har ƙiba suke yi a cikinta, irin su Nitzschia palea da Gomphonema parvulum. Akwai na gishiri, akwai na ruwan daɗi, akwai na tsaka-tsaki. Idan masani ya ƙirga ɓawo kamar 400 daga dutse ɗaya ya ga su wane ne suka fi yawa, zai faɗa maka halin da ruwan ya kasance a makonnin da suka wuce. Faransa na da ma'auni na hukuma da aka gina a kan wannan, tana duba kogunanta da shi. Afirka ta Kudu ma ta yi nisa a wannan hanya. Idan kuma aka haƙo lakar ƙasan tafki hawa-hawa, ɓawon da ke kowane hawa zai ba da labarin shekarun baya: yaushe gishiri ya shigo, yaushe ƙazanta ta fara yawa.

Masu bincike a jami'ar Abomey-Calavi sun yi nazari kan ƙananan tsirran ruwan Nokoué da na wasu ruwayen ƙasar, kuma diyatom na cikin rukunin da suka fi yawa a abin da suka tarar.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Manyan littattafan da ake tantance diyatom da su, irin na Kurt Krammer da Horst Lange-Bertalot da suka fito tsakanin 1986 da 1991, don ruwayen tsakiyar Turai aka rubuta su. Ɗalibi a Afirka ya ga wata a madubi, ya buɗe littafi, ya nemi hoton da ya fi kama da ita, ya ba ta wannan sunan. Masana da kansu sun daɗe suna kokawa da wannan ɗabi'a ta cusa baƙuwa cikin rigar da ba tata ba. Haɗarin shi ne, suna na tafe da hukunci. Idan ka kira 'yar Nokoué da sunan wata ta kogin Jamus mai son ruwa mai tsafta, rahotonka zai ce ruwan lafiya lau, alhali wataƙila taka ɗin cikin kwata ta fi jin daɗi. Likitan da ya ɗauki katin wani mara lafiya ya rubuta wa wani magani ke nan. Saboda haka siffanta sabon nau'i da kyau shi ne tubalin farko na duk wani awon lafiyar ruwa da za a dogara da shi.

An taɓa yin irin wannan aiki a yankinmu. Niels Foged ɗan Denmark ya wallafa nazarin diyatom ɗin ruwayen Ghana a 1966. Pierre Compère ɗan Beljiyam ya yi jerin rubuce-rubuce kan gansakukar yankin tafkin Chadi a shekarun 1970. John Carter da Patrick Denny sun yi na Saliyo daga 1982, suka siffanta sababbi da yawa. Ka lura da sunayen, ka kuma tuna inda aka ce manyan ma'ajiyoyin samfuri suke.

Amfani da illa

Farar ƙasar da ɓawon diyatom ke tarawa tana da kasuwa. Saboda ramukanta ƙanana ne ƙwarai, ana tace ruwa, mai da lemo da ita. Da ita Alfred Nobel ya haɗa nakiyarsa ta dainamait, wadda ya yi wa rajista a 1867. Ana kuma barbaɗa garinta a cikin hatsi: yana kankare maiƙon da ke jikin ƙwaro, ƙwaron ya bushe ya mutu, ba tare da guba irin ta maganin feshi ba. Masu ajiye wake da masara sai su riƙe wannan, da sharaɗi biyu: a nemi wadda aka tanada don abinci, ba ta masana'anta da aka gasa ba, kuma a rufe hanci lokacin barbaɗawa. Akwai irin wannan ƙasa a Bularafa ta jihar Yobe a Najeriya, ita ma gadon tsofaffin ruwayen yankin Chadi.

Akwai kuma masu cutarwa. A 1987, a tsibirin Prince Edward na Kanada, mutum sama da 100 suka kwanta bayan cin wani abincin teku dangin kawa, uku suka rasu, wasu suka rasa ƙwaƙwalwar tuna abin da ya faru kusa. Da aka bincika, gubar daga wata diyatom ta teku ta fito, 'yar dangin Pseudo-nitzschia. A wannan dangi wasu na da guba, wasu babu, kuma a madubin haske kusan duk kamarsu ɗaya, siraran allurai. Sai an kai su madubin lantarki an ƙirga layuka da ramuka ake rabewa. Ga garin da ke bakin teku, mai cin kawa da jatan lande, wannan ƙirga ba wasa ba ce.

Saura mai dubawa

Yaran Zongo da yawa yanzu suna lisé, wasu suna Abomey-Calavi. Idan yaro ya ce kimiyyar halittu yake karantawa, tambayar da ake yi masa a gida ɗaya ce: likita za ka zama? Idan ya ce a'a, sai a ga kamar kuɗin makaranta sun faɗa ruwa. Ya kamata iyaye su san akwai wani aikin a nan. Hukumomin ruwa, na kiwon kifi da na muhalli duk suna buƙatar wanda zai iya cewa ga halin da tafki ke ciki, da hujja. Farkon aikin kuma bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba: buroshi, kwalba, madubin haske mai kyau, da haƙurin zama. Madubin lantarki ne ke da tsada, shi kuma ana samun sa ta haɗin gwiwa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗebi halitta a cikinta tana da ta cewa kan yadda za a yi amfani da ita. Amma haƙƙin da ke takarda sai da ɗan ƙasa da ya san abin da aka ɗiba.

Ƙa'idar suna ta yarda a raɗa wa nau'i sunan wurin da aka same shi, ko na mutumin da ya yi wa ilimi hidima. Babu abin da zai hana wata rana a buɗe mujalla a ga diyatom mai ɗauke da sunan Nokoué ko na Ganvié, da sunan ɗiyar Zongo a gefe a matsayin wadda ta siffanta ta, samfurin asali kuma yana ajiye a nan gida.

Kafin wannan rana, idan hunturu ya kama ka ɗauki tsumma za ka goge kanta, ka ɗan dubi abin da ya manne a yatsanka. Wani ɓangarensa daga ƙasan tsohon tafkin Chadi ya taso.